Harajin Ya Kellu Kafin Azumi

A unguwar Gwange ta Maiduguri ba a yi wa baƙo kwatancen gidan Ya Kellu da launin ƙofa. Cewa ake yi ya bi ƙamshi. Da hantsi, idan ta ɗage buhunan da ta rufe bakin duro da su, tururin shinkafa yakan tashi ya haye katanga, ya bi lungu a hankali kamar tsohuwa mai zuwa gaisuwa, ya shiga kowane zaure ba sallama. Ƙamshi ne na ɓawo da ruwan zafi da ƙasar fadama. Wanda ya tashi a unguwar, ko a wane gari ya ji irinsa sai ya waiwaya.

Sana'arta gyaran shinkafa. A ƙauyen Zabarmari aka haife ta, a gidan manoma, kuma a gindin murhun mahaifiyarta ta koyi aikin tun ba ta kai tsayin duro ba. Takan sayo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga hannun 'yan'uwanta na can. Ta jiƙa ta ta kwana, ta turara ta har ɓawon ya buɗe baki, ta shanya a rana tana juyawa da ƙafa, sannan ta ja ta inuwa ta ƙarasa bushewa, don shinkafar da rana ta gasa da gaggawa karyewa take yi a inji. Idan an dawo daga inji sai tsintar tsakuwa. A faifai ake yi, a zaune, ita da mata uku da take biya, suna hira da Barbarci, yatsunsu na tafiya cikin ƙwayoyin su kaɗai.

Shekara talatin da wani abu ita ke gyarawa, mijinta Ba Gana ke sayarwa a rumfarsa ta Kasuwar Kwastam. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa wa ke saye ba. A ƙarshen shekara ta 2021 ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Da ta fita takaba, 'ya'yanta mata biyu da ke gidajen aurensu suka ce ta huta, za su riƙe ta. Ta saurare su har suka gama, ta sa musu albarka. Washegari ta naɗa laffayarta ta tafi kasuwa ta buɗe rumfar.

A nan ta gane cewa rabin shinkafarta mutum ɗaya ne ke kwashewa: Alhaji Nasidi, Bakano mai shaguna uku a layinsu, mutum mai fara'a da yawan zolaya, wanda ya zo Maiduguri da jaka ɗaya tun yana saurayi. Yakan saya a wurinta, ya juye cikin nasa buhunan, ya kai wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan gari, inda yake da kwangilar kai abinci. Ba zalunci ba ne, ciniki ne. Yana biya a kan lokaci. Sai dai ribar da ke tsakanin murhunta da tukunyar makarantar, a aljihunsa take kwana.

Wata rana da yamma wani dattijo siriri mai tabarau ya tsaya a bakin rumfarta, ya ɗebi shinkafa a tafin hannu, ya daɗe yana dubawa.

"Ke ce Ya Kellu?"

"Ni ce. Lale, Malam. Tiya nawa?"

"Ba saye na zo ba. Sunana Inuwa, ni ke riƙe da sito a makarantar da Alhaji Nasidi ke kai wa kaya. Masu dafa abincinmu sun dame ni. Sun ce a cikin buhunan da ake kawowa akwai waɗanda ba sai an tsince ba, daga buhu sai ruwa. Na bi diddigi, ga ni a gabanki."

Ta yi murmushi ta gyara zama. "To me zai hana ku saya a wurina kai tsaye?"

"Takarda," in ji shi. "Ba ni ke bayar da kwangila ba, kwamiti ne. Kuma ba sa ko buɗe buhun mutum sai sun ga rajistar sana'arsa da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku a jere. Yanzu an riga an ba Alhaji. Sai shekara ta 2025 za a sake buɗewa. In kin shirya kafin nan, ki nema. In ya wuce ki, sai bayan wasu shekara ukun."

Ya Kellu ba ta ƙirga shekarunta daidai ba, amma ta san ta haura hamsin da biyar, kuma gwiwoyinta sun fara yi mata magana duk lokacin da ta sunkuya gaban duro. Shekara uku za ta iya jira. Shida kuwa, ba ta yi wa kanta alkawari ba.

Rajistar sana'a ba ta ba ta wuya ba, sau ɗaya ake yi. Haraji ne abin da sai an koma masa duk shekara, kuma shi ne take tsoro, don ba ta taɓa taka ofishin gwamnati ba sai asibiti. Ta yi ta jinkiri har watan Sha'aban ya kusa ƙarewa. Ranar wata Litinin, saura kwana uku a ɗauki azumin 2023, ta hau keke napep ta ce a kai ta ofishin haraji.

Teburin da aka nuna mata na wata mata ce 'yar kudancin Borno, mai suna Ketura, mai gajeren gashi da ƙaramar sarƙa a wuya. Ta ja wa Ya Kellu kujera, ta yi mata bayani da Hausa a hankali. Mai sana'ar kansa, ta ce, shi zai zo da ƙafarsa ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta wuce, a cike masa fom, a yanka masa abin da zai biya, ya je banki ya biya ya kawo rasit.

"Abu ɗaya za ki riƙe, Mama. Kowace shekara, ranar ƙarshe ita ce talatin da ɗaya ga Maris. In ya wuce akwai tara."

"Maris wane ne a cikinsu?"

"Wannan da muke ciki."

"'Yata, ni watannin nan naku ba sa zama a kaina. Ba a ganinsu a sama. Yau dai na san ashirin da takwas ga Sha'aban." Ta gyaɗa kai. "To shi ke nan. Haraji kafin azumi. Na ɗaure shi a nan."

Ketura ta yi dariya har ta ajiye biro. "Ai azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya, Mama. Kowace shekara matsawa yake da kwana goma sha ɗaya."

"Ina yake matsawa, gaba ko baya?"

"Yana riga zuwa. Baɗi zai zo da wuri fiye da bana."

"To ni ma sai in zo da wuri. Ana cin tarar wanda ya zo da wuri?"

"A'a."

"To ina matsalar?"

Ketura ta jawo kalandar da ke jikin bango, ta duba, ta ƙirga da yatsa. "Zai yi miki aiki kamar shekara shida ko bakwai. Bayan nan azumi zai faɗo farkon Janairu, ki zo mana shekara ba ta ƙare ba."

"In Allah ya kai mu can, ma nemi wani turken."

Haka aka yi. Ta biya, ta karɓi rasit da kwafin fom da ɗan katin da ke ɗauke da lambarta, ta naɗe su a leda ta sa a ƙasan akwatin ƙarfen da ta zo da shi gidan aure. A shekara ta biyu, da watan Sha'aban ya raba tsakiya, mata suka fara dakan gero da sayen tsamiya don kunun buɗa-baki, ita ma ta sa nata cikin shirye-shiryen: gero, tsamiya, dabino, haraji. Ta je a makon farko na Maris, ta tarar da ofis babu layi, Ketura na ganinta ta ce, "Ga mai azumi ta iso." Takardu suka zama kashi biyu a cikin akwati.

Sai ruwa ya zo.

Duk wanda yake Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba ya buƙatar a ba shi labari. Gwange tana bakin kogi, ita ta fara sha. Ya Kellu ta fita da laffayar da ke jikinta, ruwa a ƙirji, hannunta cikin hannun maƙwabciyarta. Kwana goma sha shida ta yi a gidan 'yarta a unguwar Bulunkutu. Da ta dawo, katangar baya ta kwanta, buhunan shanshera da ta tara sun tsiro sun ruɓe, duronta ɗaya an same shi a lungu na uku. Akwatin ƙarfe yana nan inda yake, cike da laka.

Ta kwance ledar. Ruwa ya shiga. Takardun sun manne da juna kamar waina.

Abin da ta sani shi ta yi musu. Ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ta shimfiɗa su a tabarma, ta ba su rana kaɗan, ta ja su inuwa don kada su karye, tana juya su lokaci-lokaci kamar yadda take yi wa shinkafa. Suka bushe tsaf, ko ɗaya bai yage ba. Amma rubutun ya tafi. Inda hatimi yake sai wani shuɗin tabo kamar gajimare. Katin lamba ma ya koɗe. Ta zauna a gaban tabarmar har inuwar katanga ta rufe ta. Ba ta yi kukan shanshera ba, ba ta yi kukan katanga ba, don kowa a lungun ya rasa irinsu ko fiye. A kan waɗannan fararen takardu ne hawaye suka zo mata. A saninta, takarda ita ce shaida. In rubutu ya wanke, shekara biyu sun bi kogi.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta mayar da su leda.

Watannin da suka biyo baya na gyara ne. Gonakin Zabarmari ma ruwa ya ci da yawa, shanshera ta yi tsada, sai da ta riƙa haɗawa da ta wasu garuruwa. Ta koma duro ɗaya maimakon uku. A hankali tururi ya sake hawa katanga, sabuwa, ta bulo, wadda surukanta suka haɗu suka gina. Sanyi ya wuce. Darbejiyar bakin kasuwa ta fara zubar da ƙananan furanninta farare a kan rumfuna, iska ta ɗauki zafi. Wata safiya ta ji ana dakan gero a gidan maƙwabta, ta tambaya nawa ga wata, aka ce ashirin da biyar ga Sha'aban.

Ranar Laraba ta rufe rumfa tun kafin azahar. Alhaji Nasidi na zaune a benci a ƙofar shagonsa yana fifita da kwali.

"Babarbariya, ina zuwa da rana tsaka? Kasuwar azumi ta buɗe, ke kina rufewa?"

"Ofishin haraji za ni."

Ya ajiye kwalin. "Haraji? A shekarar ambaliya? Ya Kellu, ruwan nan ya shiga kanki ne? Mutane na neman wanda zai ba su, ke kina neman wanda za ki ba?"

"Lokacinsa ne ya yi."

"Wane lokaci? Yau ashirin da shida ga Fabrairu! Akwai wata guda cur da kwanaki. Ni shekara ashirin ina biya, ban taɓa zuwa ba sai ranar ƙarshe, kuma ban taɓa makara ba. Kuɗi a hannun ɗan kasuwa juyawa yake. Ki bari a sha ruwa, a yi ciniki, komai ya lafa."

"Ku Kanawa ko jana'izarku sai an gama ciniki."

"Ku kuwa Barebari ko gobara ce sai kun tsaya turare!" Ya yi dariya yana dukan cinya. "Je ki, Hajiyar gwamnati. Ki gaishe su."

A cikin keke napep ta riƙe ledar a cinyarta. Ba don tana sa ran komai ta tafi ba. Abin da ta yanke shi ne, in ma daga farko za a sake ƙirgawa, gara ta fara yau. Kwangilar bana ta tafi. Wataƙila ta gaba ta same ta da rai da gwiwa.

Ketura ta rame. Suka gaisa, gaisuwar da duk garin ke yi a watannin nan.

"Ku ma ruwan ya shigo muku?"

"Har taga, Ya Kellu. Mun gode Allah da rai."

Ya Kellu ta kwance ledar, ta jera takardun a kan tebur, ta daidaita gefensu da yatsa.

"Na kawo ne ki gani da idonki, kada ki ce sakaci na yi. Na shanya su yadda ya kamata. Rubutun ne ya ƙi tsayawa. Shekara biyu sun tafi. Ki buɗe mini sabo, mu fara daga ɗaya."

Ketura ta ɗauki takarda ɗaya, ta ɗaga ta wajen taga, ta juya bayanta. Ta dubi Ya Kellu.

"Shanya su kika yi?"

"A inuwa."

"Tun yaushe kike ɗauke da wannan a ranki?"

"Tun da ruwa ya janye."

"Wata biyar! Haba, Ya Kellu, ko aike ai kya yi mini." Ta jawo kwamfuta gabanta. "Lambar wayarki tana nan yadda take?"

"Wayar ta tafi, amma an dawo mini da layin."

Ta faɗi lambar. Ketura ta danna, ta jira, ta juyo da fuskar kwamfutar.

"Ga ki nan. Kellu Gana, Gwange, gyaran shinkafa da sayarwa. Ga na farko, an biya. Ga na biyu, an biya. Takardar hannunki kwafi ce kawai. Asalin yana nan, ruwa bai kai gare shi ba."

Ya Kellu ba ta iya karanta abin da ke jikin gilashin ba. Ta dai matso da fuskarta, ta ga layi biyu, ɗaya bisa ɗaya, baƙaƙe, a tsaye.

"Waɗannan biyun nawa ne?"

"Naki ne."

"Ba su jiƙe ba?"

"Ko ɗigo."

Ta ja gefen laffaya ta rufe fuskarta. Wani ma'aikaci da ke tebur na kusa ya ɗago kai, Ketura ta yi masa alama ya ci gaba da aikinsa. Da Ya Kellu ta buɗe fuska dariya take yi.

"To a ɗora na uku."

Suka cike fom. Ketura ta ce ta faɗi gaskiyar shekarar yadda take, watannin da ta yi ciniki da watannin da ba ta yi ba, da abin da ruwa ya ci, don ko mutum bai samu komai ba, zuwa ya faɗa wajibi ne. Abin da aka yanka mata bai kai na bara ba. Ta biya a banki washegari, ta kawo rasit, ta nemi takardar shaidar shekara uku. Aka ce ta ba su kamar mako biyu.

"Kin ga ribar zuwa da wuri," in ji Ketura. "Yanzu teburina fili ne. Ki zo ƙarshen Maris ki ga yadda ake hawa kan juna. Allah ya ba ku ikon azumi. Mu ma Kiristoci namu yana tafe mako mai zuwa."

Ranar goma sha biyu ga azumi takardar ta fito. Fara ce, mai kauri, da hatimi a ƙasa. Wannan karon ta biya aka rufe mata ita da roba a wani shago, ta yi kwafi uku, ta kai ɗaya Bulunkutu.

Bayan kwana biyar Malam Inuwa ya zo rumfarta, leɓensa a bushe da azumi. An kafa sanarwa a makaranta, ya ce. Duk mai neman kwangilar shinkafa ya kai takardunsa a rufe cikin ambulan, da tiya biyu ta samfur, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Alhamis, uku ga Afrilu. Ya faɗa wa Alhaji Nasidi ma, a gabanta, don kada a ce ya yi son kai.

"An gama," in ji Alhaji. "Ranar talatin da ɗaya zan shiga ofis kamar kullum."

Goman ƙarshe ta azumi a Kasuwar Kwastam ba lokacin tunani ba ne. Masu fitar da zakkar kono, masu sayen shinkafar Sallah, masu aika wa dangi a ƙauye, duk a lokaci ɗaya. Alhaji Nasidi bai zauna a bencinsa ba ko sau ɗaya. Shekara ashirin ranar ƙarshen Maris tana zuwa masa a matsayin ranar aiki, ko kusa da ita, bai taɓa tsayawa ya duba da wace ranar wata za ta haɗu ba. Aka ga wata ranar Asabar. Lahadi aka yi Idi. Litinin, talatin da ɗaya ga Maris, hutun Sallah ce, Talata ma haka. Ya tsaya a gaban ƙofar ofis a rufe, cikin sabuwar shaddarsa, mai gadi na yi masa barka da Sallah.

Laraba da aka buɗe, layi ya fito har titi. Rabin 'yan kasuwar garin ne, duk waɗanda suka ce sai an sha ruwa. Alhaji ya samu ya cike fom ya biya kafin a tashi. Takardar shaida kuwa ba a yini ɗaya take fitowa ba, kuma ba shi kaɗai ke nema ba.

Ya Kellu ta kai nata ambulan tun ranar ashirin ga azumi.

Ranar Alhamis aka tara masu nema a ɗakin taron makarantar, ƙarƙashin fanka mai kuka. Su biyar ne. Ita kaɗai ce mace, ta zauna a kujerar ƙarshe, ta tattara ƙafafunta. Shugaban kwamiti yana yage ambulan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani. Mutum biyu takardarsu ta tsaya a bara. Aka ajiye su gefe. Da aka zo kan Alhaji Nasidi ya miƙe da rasit a hannu.

"Ranka ya daɗe, na biya jiya. Ga shaida. Takardar ce ba ta fito ba. Shekara shida ina kawo muku kaya, kun san ni."

"Mun san ka, Alhaji, kuma ba mu da ƙorafi a kanka. Amma abin da sanarwa ta ce takardar shaida, ba rasit ba. In mun karɓi naka, waɗannan biyun ma za su ce a jira su."

Alhaji ya shafa gemu, ya zauna.

Saura biyu: wani matashin ɗan kwangila mai kwat da jaka, takardunsa cif, da Ya Kellu. Shugaban ya ɗaga tata, robar ta ɗauki hasken taga. Ya karanta shekarun uku da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ji kowace kamar ana kiran sunan 'ya'yanta.

Farashinsu ya yi kusa da juna, don haka aka koma ga tukunya. Makarantar da ke ciyar da ɗaruruwan yara abin da ta fi dubawa shi ne auki. Aka auna tiya ɗaya daga kowane samfur, aka kai kicin, aka dafa a tukwane iri ɗaya da ruwa iri ɗaya, ba a faɗa wa masu dafawa wace ce ta wa ba. Aka zauna jira. Matashin yana ta danna waya. Ya Kellu tana jan carbi a ƙarƙashin laffaya.

Aka shigo da manyan farantai biyu. Ɗaya ta yi fari ƙal, amma ta kwanta ta cuɗe. Ɗayar ta tashi ta yi tozo, kowace ƙwaya a ware, doguwa, mai ruwan zuma. Shugabar kicin ta sa ludayi ta raba kowanne a kwanukan ɗalibai. Farantin farko ya cika kwano goma sha ɗaya. Na biyu ya cika goma sha huɗu, da saura a gindi.

"Wannan ta wa ce?" in ji shugaban.

Malam Inuwa ya duba ƙasan farantin inda ya manna alama. Ya juya ya dubi kujerar ƙarshe.

A waje, a inuwar baranda, Alhaji Nasidi ya tare ta. Fuskarsa ba daɗi, amma bakinsa bai mutu ba.

"Babarbariya, kin ci ni da yaƙi ina barci."

"Ba barci kake ba, Alhaji. Ciniki kake."

"To yanzu da me za ki kawo kayan? A ka? Motata na nan. Haya zan ba ki, kuma ba ragi."

"Za ka rage."

"Wallahi ba zan rage ba."

"Za ka rage, don yanzu ba ta da kayan makarantar da za ta ɗauka ranar Litinin."

Dariya ta ƙwace masa. "Allah ya isa tsakanina da mutanen Zabarmari!"

Bayan mako guda aka kira ta sa hannu. Ta zo da sabuwar laffaya ruwan goro, ƙamshin humra na biye da ita har cikin ofis. Aka karanta mata yarjejeniyar da Hausa, shafi uku, ta sa aka maimaita mata wurin da ya faɗi ranakun kawo kaya, wato kowace Litinin. Da aka zo ƙarshe, Malam Inuwa ya buɗe ɗan akwatin tawada ya turo gabanta don ta dangwala yatsa.

Ta dube shi, ta tura masa abinsa.

"Ba ni biro, Malam."

"Kin iya?"

"Ban yi boko ba. Ban ce ban yi karatu ba."

Ta riƙe biron kamar yadda ake riƙe alƙalamin kara. Ta fara daga dama, a hankali, da ajamin da ta koya a tsangayar Zabarmari shekara hamsin da suka wuce, harafi bayan harafi, ta sa wasali, ta ja wutsiyar na ƙarshe har ta ɗan haura layi. Shugaban kwamiti ya sunkuya ya karanta, ya gyaɗa kai, ya buga hatimi a gefensa.

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ba ta kula su ba.

"Ƙarfe nawa kuke buɗe sito ranar Litinin?"

"Takwas."

"Ku buɗe bakwai da rabi. Zan riga ku."

Ba ta koma kasuwa ba. Daga ƙofar makarantar ta tsayar da keke napep ta ce a kai ta tashar motocin Zabarmari, don akwai shanshera da za a saya, da duro biyu da za a nemo, da mata shida da za ta ɗauka aiki kafin Juma'a.